Ki ɗora hannunsa a kan abin da yake ƙirgawa

'Yata, saƙonki ya iso ni bayan la'asar, na saurare shi har sau biyu, na ce wannan ba ta amsar tsaye ba ce, gara in zauna in rubuta miki. Kin ce maigidana, da shekararsa huɗu, yana rera ƙirgen Turanci har ashirin ba gargada, amma da kika ce ya miƙo miki cokali uku sai ya kwaso duk na cikin kwando. Kin kuma ce surukarki ta tsawata da ta ji kina nuna yaran gida ɗaya bayan ɗaya kina ƙirga su da waƙa. Shi ne kike tambaya ko koya wa yaro ƙirge da waƙa al'adarmu ce, ko kuwa boko ne ya zo da ita.

Bari in fara da Hajiya. Kada ki ja da ita. Haka muka tashi muka tarar, ba a nuna 'ya'yan mutane da yatsa ana lissafa su, saboda gudun baki, ga kuma kunya. Ki tambayi tsohuwa 'ya'yanta nawa, za ta ce miki "suna nan, alhamdu lillahi", ta wuce wurin. Ki ba ta haƙuri, ki bar yaran, gidanku cike yake da abin ƙirgawa.

Batun waƙa kuwa, tamu ce tun kafin a kafa allon bango a ƙasar nan. Sai dai da ba a zaunar da yaro a ce masa yau darasin ƙirge za a yi. A dandali muka tsince shi, wajen gaɗa da tafi, da wajen carafke, inda za ki wurga dutse sama ki kwashi na ƙasa ɗai-ɗai, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, in kin yi kuskure 'yan'uwanki su yi miki caa. Maza kuma ga dara, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wanda bai iya lissafa nasa ba an cinye shi. Waƙoƙin ƙirgen da muka sani kowace lamba a ɗaure take da abin da yaro ke gani kullum: duwatsun murhu uku, ƙafafun akuya huɗu, yatsu biyar, kwanakin mako bakwai.

Ni a bakin kaskon ƙosan Inna na koya, a Tudun Wada. Da sassafe takan zaunar da ni gefenta da kwanon sha a cinyata. Tana tsamo ƙosai da matsami tana jefawa ɗai-ɗai, tana jan lambar da murya kamar mai rarrashin jinjiri, ni kuma ina amsawa. Ba ta faɗin "huɗu" sai na huɗun ya faɗa kwano na ji ƙararsa. In na riga ta, sai ta riƙe hannunta a sama ta dube ni, har in koma baya. In mun gama ta rufe kwanon da faifai ta ce, "To, nawa ke ciki?" Ran da na fara ba ta amsa ba tare da na buɗe faifan ba, ranar ta ba ni kwabo mai huji nawa na kaina. Kuɗin lokacin ma makaranta ne: kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin fam guda. Sai a 1973 aka kawo naira da kwabo ɗari, lissafi ya yi sauƙi.

Wannan riƙe hannun na Inna shi ne abin da yaronki ya rasa. Waƙa tana koya masa jerin lambobi, wacce ke bin wacce, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Amma bai riga ya gane cewa kowace kalma abu guda take ɗauka ba, kuma lambar da ya tsaya a kanta ita ce yawan abin duka. Na ga wannan da idona shekara da shekaru. Da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976, aji ɗaya aka ba ni, yara maƙil har bakin taga. Duka suna rera ɗaya zuwa goma har rufin kwano na amsawa, amma in na zube marafan kwalba bakwai na kira su ɗai-ɗai, da yawa bakinsu ya kai goma yatsansu yana kan na biyar. Waɗanda ba su taɓa ba ni wahala ba su ne 'yan matan da ke ɗaukar tallar goro da gyaɗa, don su in sun yi kuskure a gida za a gani. Daga nan na sa kowane yaro ya zo da tsinken tsintsiya, muna ƙirga goma mu ɗaure da zare. Ɗauri guda da tsinke ɗaya, goma sha ɗaya ke nan a hannunsa.

Kin san ma ashirin, talatin, arba'in har casa'in daga Larabci muka aro su? Kakata takan ce gomiya biyu, gomiya uku, wato ɗaurin goma sau biyu, sau uku, kamar dai tsinkayen nan. Ina kuma jin hauya da zangu a bakinta, ashirin da ɗari ke nan a lissafin zamanin wuri. Goma sha tara kuwa ashirin ba ɗaya take ce mata. Ki duba, ɗebewa ce a cikin sunan lamba, yaro ya sha ta tun bai san sunanta ba. Ina jin ciwon yadda waɗannan kalmomi ke ɓacewa, har a kasuwa yanzu 'ya'yan Hausawa da Turanci suke faɗin farashi.

Ban ce ki raba shi da na makaranta ba, zai buƙace shi. Amma makaranta ta ɗauki Turanci, in ke ma kin ɗauka a gida, wa zai ba shi "bakwai" da "takwas"? Waƙoƙin waya kuma ba sa riƙe hannu su jira shi. Ga 'yar wadda na haɗa wa jikokina na nan gidan, ki sa mata muryar da ta yi miki daɗi:

Ɗaya, hancin kaka,
Biyu, kunnuwan jika,
Uku, ƙosai na ba ka,
Huɗu, ƙafafun akuyarka,
Biyar, yatsu, buɗe hannunka.

Kowane layi ki kama hannunsa ki ɗora a kan abin. Ki tsaya a biyar, ko da wata guda za ku yi, kada ashirin ɗin nan ta ruɗe ki. In ya ƙirga lemo huɗu, ki barbaza su ki sake tambayarsa, sau da yawa yaro yana zaton sun ƙaru don sun ci wuri. In ya kuskure kada ki daka masa tsawa, ki ce "mu sake" kawai. Ki yi da manyan abubuwa, cokali, lemo, takalma a bakin ƙofa, ban da wake da tsakuwa, saboda ƙanwarsa mai rarrafe komai baki take kaiwa. In babansa ya idar da salla ya zaunar da shi kusa ya ga yadda ake tasbihi talatin da uku a gaɓoɓin yatsu, ya kuma riƙa gaya masa asuba raka'a biyu ce, magariba uku.

Ran Juma'a in za ku shigo daga Rigasa ki zo min da shi. Zan ajiye dabino biyar a kwano in rufe da faifai, mu zauna ni da shi. Ki gaida Hajiya da kyau, ki gaida maigidan naki.

Goggonki