Tambaya da Amsa: Takardun "Shin Ka Sani?" da Tambayar da Ta Raba Ɗalibai Huɗu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne a Jega, kuma an ɗora mini nauyin shirya ɗalibai huɗu da za su wakilci makarantarmu a gasar kacici-kacici. Wanda ya riƙe aikin kafin ni ya bar mini takardun tambaya da amsa da ya tattaro daga WhatsApp da Facebook, waɗanda suka shafi addini, fasaha, halittu, kiɗa, tarihi da wasanni, kuma yaran sun riga sun haddace su. Wasu amsoshin sun sa ni kokwanto: wai ayoyin Alƙur'ani 6,666 ne, wai ana hango Ganuwar Sin daga duniyar wata, wai Najeriya ta ci Kofin Duniya a 1996, wai Ɗanƙwairo makaɗin kalangu ne, wai Mungo Park ne ya gano kogin Neja. Amma wadda ta hana ni barci ita ce: "Wane yaƙi Fulani suka yi da Hausawa a 1804?" Amsar da aka rubuta ita ce "Jihadin Shehu Usmanu". Biyu daga cikin yaran Kabawa ne, ɗaya Bagimbane, ɗaya Bafulatani, kuma tun ranar da muka karanta wannan tambaya na ga zamansu ya canja. Ina tsoron in gyara musu amsoshin, alƙalan gasa su kayar da su, ina kuma tsoron in bar su da ƙarya. Mene ne abin yi?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan kula, domin da yawa daga cikin masu irin aikinka haddar kawai suke bi, ba su tsaya sun tambayi inda takardar ta fito ba.

Bari in fara da masu sauƙin, tunda kai malami ne ba sai na yi dogon sharhi ba. Ayoyin Alƙur'ani 6,236 ne a ƙidayar Kufa wadda mus'hafan Hafsu ke bi, kuma 6,214 ne a ƙidayar Madina ta ƙarshe wadda aka saba gani a mus'hafan Warshu, bambancin kuwa a kan inda ake tsayar da kan aya yake, ba a kan ƙari ko ragin nassi ba. Adadin 6,666 ba ya cikin ƙidayar malaman wannan fanni, daɗin faɗa ne kawai ya yaɗa shi. Ganuwar Sin ba a ganin ta daga wata, domin duk tsawonta faɗinta bai wuce na hanyar mota ba. Abin da Najeriya ta ci a 1996 shi ne zinaren ƙwallon ƙafa na gasar Olamfik a Atlanta ta Amurka, inda ta doke Ajantina da ci 3 da 2; Kofin Afirka kuwa ta ɗauke shi a 1980 da 1994 da 2013, amma babbar ƙungiyarta ba ta taɓa ɗaukar Kofin Duniya ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo na Maradun makaɗin fada ne, kuma kotso ne abin kiɗansa. Shi kuwa Mungo Park, wanda ya halaka a Busa a 1806 bayan ya wuce ta Yawuri, ya tarar da Sarkawa da sauran masunta suna tuƙa jirage a kan wannan kogi tun kaka da kakanni, saboda haka daidai ne a ce yana cikin Turawan farko da suka ga kogin, amma bai gano wa kowa shi ba sai mutanen ƙasarsu.

Waɗannan kurakurai ne da iyakar ɓarnarsu yaro ya ji kunya wata rana a gaban wanda ya fi shi sani. Tambayar 1804 kuwa wani abu ne dabam, kuma a kanta zan daɗe, domin ba na shiga aji ko in buɗe waya ba tare da na ci karo da ita ba, wani lokaci daga bakin mai digiri.

Da farko ka lura cewa ba amsar ce kaɗai ta ɓaci ba, tambayar kanta aka gina a karkace, ta yadda duk yaron da ya amsa ta ya riga ya yarda cewa ƙabila biyu ne suka ja dāga. Ka ɗauki ɗalibinka Bagimbane, ka tambaye shi ko ya san wane ne Malam Abdussalami. Wannan malami Bahaushe ne, Ba'are, yana cikin manyan almajiran Shehu, kuma shi ne ya ƙaura da jama'arsa zuwa Gimbana a ƙasar Kabi saboda matsin sarakunan Gobir. Harin da dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka kai wa Gimbana, da kamo mutanenta da aka yi aka biyo da su ta kusa da Ɗagel har jama'ar Shehu suka kwance su, shi ne abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Wato mutanen da aka fara zubar da jininsu a wannan lamari Hausawa ne mabiya Shehu, kuma garin da kake koyarwa a cikinsa, Jega, ɗan wannan malami ne, Buhari, ya kafa shi. Ina mamakin yadda za a zauna a Jega a koya wa jikokin Gimbanawa cewa kakanninsu ba sa cikin jama'ar da su ne sanadin tashinta.

A fagen Tabkin Kwatto, a watan Yunin wannan shekara, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne ya jagoranci rundunar jama'a, kuma a waƙar da ya yi kan wannan yaƙi, wadda ke cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, ya ambaci Fulaninsu da Hausawansu da wasu ƙabilun da suka haɗu don taimakon addini. Muhammadu Bello kuma, a Infaƙul Maisuri, ya bayyana cewa rundunar Yunfa ta ƙunshi Abzinawa da Fulanin da suka bi shi. Ka ga ke nan kowane ɓangare akwai Bahaushe, akwai Bafulatani, akwai Ba'abzine. Yakubu na Bauci, wanda ya karɓi tuta kuma ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan daular, Bageri ne, wato ɗan ƙabilar Gerawa. Wannan ba boyayyen ilimi ba ne, waɗanda suka yi yaƙin da hannunsu ne suka rubuta shi, kuma an fassara littattafan an buga.

A nan ƙasarmu ma lamarin ya fi ƙarfin a raba shi gida biyu. Lokacin da aka ci Birnin Kabi a 1805 Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, wanda aka naɗa a madadinsa shi ne Usman Masa, ɗan sarautar Kabi da ya haɗa kai da jama'a saboda rikicin gadon mulki na cikin gida, kuma shi ɗin ne ya juya musu baya a lokacin yaƙin Alwasa. Zamfarawa da farko sun karɓi jama'a, wani ɓangare saboda Shehu ya yi shekaru yana wa'azi a cikinsu, wani ɓangare saboda tsohuwar gabarsu da Gobirawa waɗanda suka rushe Birnin Zamfara suka kafa Alƙalawa a ƙasarsu a ƙarni na 18. Daga baya kuma suka ɓata saboda yunwa ta sa mayaƙa suna ƙwace abincin talakawa. Duk wanda ya karanta wannan zai ga akwai aƙida, akwai neman sarauta, akwai kukan haraji da jangali da kama-karya irin wanda Shehu ya zayyana a Kitabul Farƙi, akwai kuma yunwa da kwaɗayin ganima, kamar yadda ake samu a kowane babban juyi na 'yan Adam.

Kada kuma a ɗauka ina wanke wani ɓangare ne. Gaskiya ne cewa mafi yawan waɗanda suka karɓi tuta Fulani ne, gaskiya ne cewa gidajen sarautar Hausa da dama sun rasa gadonsu, wasu suka koma Maraɗi da Tsibiri da Abuja ta da, wato Suleja, kuma gaskiya ne cewa Kabawa sun yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato, tun daga Sarkin Kabi Karari da aka kashe a 1831, zuwa ɗansa Yakubu Nabame da ya sake ɗaga tutar Kabi a 1849, har zuwa zamanin Sama'ila da Turawa suka tarar. Bakabe yana da cikakken haƙƙi ya yi alfahari da cewa tun daga zamanin Nabame ba a ci Argungu ba. An kuma kai wa garin malamai na 'Yandoto a ƙasar Zamfara harin da har yau masana ke muhawara a kansa, Shehu Laminu na Barno ya rubuto wasiƙu yana tuhumar hujjar yaƙar Musulmi, Bello bai ɓoye su ba, ya sa su cikin littafinsa tare da martaninsa. Shi kansa Malam Abdullahi, da ya ga son duniya ya shiga zukatan wasu mayaƙa, sai ya bar rundunar a 1807 da niyyar tafiya gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami. Abdussalamin da na ambata ma daga ƙarshe ya saɓa da Bello bayan rasuwar Shehu a 1817, aka yaƙe shi a Kware. Tarihin yana da ɗaci a wurare da yawa, kuma yaron sakandare yana iya ɗaukar wannan ɗaci idan an ba shi da adalci. Abin da ba zai iya ɗauka ba tare da ya cutu ba shi ne a taƙaita masa shekaru ɗari cikin layi guda da ke nuna masa abokin zamansa na benci a matsayin magajin abokin gabar kakansa.

Akwai kuma tagwayen wannan ƙarya da ke yawo a ɗaya gefen, wato cewa Hausawa duk arna ne sai da Shehu ya zo ya musuluntar da su. Musulunci ya kafu a Kano tun zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14 ta hannun Wangarawa, Shehu Magili ya zauna da Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, Katsina ta fitar da Ɗan Marina da Ɗan Masani a ƙarni na 17, kuma Shehu da kansa ya yi rubuce-rubuce yana yaƙar masu kafirta talakawan Musulmi don ba su iya ilimin tauhidi na makaranta ba. Gyara ya zo yi, kuma haka ya kira aikinsa. A Bayanu Wujubil Hijirati ya ƙidaya fifita wata ƙabila a kan wata cikin abubuwan da suka fi saurin rushe mulki, saboda haka mai yi masa kirari da sunan ƙabila da mai zaginsa da sunan ƙabila duk sun saɓa wa abin da ya rubuta.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan batu kai ma ka san shi. Muna cikin lokacin da ake kashe mutane a ƙauyukan Zamfara da kudancin Kabi, ana sace manoma ana neman fansa, ana kuma tare bayin Allah a kasuwa a hallaka su don kamanninsu ko harshensu kawai. A irin wannan hali ne wasu masu riƙe da waya, waɗanda ba su taɓa buɗe ko shafi ɗaya na littattafan nan ba, suke zama suna naɗar murya da bidiyo suna cewa abin da ke faruwa yau ci gaban 1804 ne. Ɗan bindigar da ke ƙona rumbu ba Shehu yake wa aiki ba, mai ɗaukar fansa a kan makiyayin da bai ji ba bai gani ba kuma ba Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, yake karewa ba, amma duk su biyun suna jin daɗin a samar musu da tarihin da zai lulluɓe laifinsu. Takardar kacici-kacici da ke hannunka tana cikin hanyoyin da wannan guba ke bi ta shiga kan yara, kuma ta fi bidiyon haɗari saboda malami ne ya miƙa ta, a cikin aji, da sunan ilimi. Laifin kuwa har da na hukumomin ilimi da suka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare tun wajen 2009, aka yi shekaru fiye da goma ana yaye ɗalibai, cikinsu har da malaman yau, ba tare da sun san ko Surame, tsohon birnin Kanta, ina take ba, sannan aka dawo da darasin a takarda alhali malamansa da littattafansa ba su wadata ba.

Game da tsoronka na alƙalai, kada ka jira ranar gasa. Ka rubuta wa kwamitin shiryawa takarda tun yanzu ta hannun shugaban makarantarku, ka jera amsoshin da ka gyara tare da hujjar kowacce, ka nemi a sanar da duk makarantun da za su shiga, domin wataƙila takardar nan ɗaya ce ke yawo a hannun kowa. Tambayar 1804 kuwa ka nemi a cire ta gaba ɗaya, a maye gurbinta da wadda ke da amsa tabbatacciya, kamar shekarar hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, ko sunan wanda ya jagoranci Tabkin Kwatto, ko abin da ya faru a Argungu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama aka shirya masa su a Matan Fada don tabbatar da sulhu, bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Idan kwamitin ya ƙi, ka gaya wa yaranka tun kafin su hau dandamali cewa asarar maki biyu a kan wannan tambaya ba za ta zama laifinsu a wurinka ba. Sannan ka zaunar da su huɗun wuri ɗaya, ka ba Bagimbanen labarin Abdussalami ya karanto, Kabawan su kawo na Nabame, Bafulatanin ya kawo na tafiyar Malam Abdullahi zuwa Kano, kowa ya gabatar wa sauran, kuma in hali ya yi ka nemi izinin makaranta ka kai su Gidan Tarihi na Kanta a Argungu da Hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu a cikin zango ɗaya.