Zafin Bazara: Ku Tambaya, Mu Amsa

Tambaya: Ɗakinmu rufin kwano ne, babu silin. Tun shigowar Maris barci ya gagare mu, fanka ma iska mai zafi take hurowa. Ina mafita? — Wata uwa, Tudun Wada

Amsa: Hajiya, fanka ba ta sanyaya iska, juya wadda ta tarar kawai take yi. Kwano yana gasa ɗaki da rana, bulo kuma ya riƙe zafin ya riƙa sakinsa har tsakar dare. Don haka ki rufe taga da labule tun hantsi, musamman ta yamma, ki buɗe bayan magariba. Sannan ki ajiye fankar a bakin taga tana fuskantar ciki, ta jawo iskar waje. Jiƙaƙƙen zani a tagar yana taimakawa yanzu da iska take a bushe. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a Afrilu, sai jiƙaƙƙen zanin ya ƙara gumi. Silin, ko na tabarma ne, ya fi duk waɗannan dabaru.

Tambaya: Yarona kan dawo daga makaranta a galabaice. Me zan ba shi? — Magidanci, Kawo

Amsa: Malam, ruwan randa tukuna, kaɗan-kaɗan. In da gudawa, a haɗa lita 1 ta tsabtataccen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada gishirin ya wuce haka. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuwa, a wuce asibiti nan take, lokacin sanƙarau ne.