Murjanina yana yin fari tun da zafi ya shigo, mene ne abin yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tankin gilashi na ruwan teku mai cin lita 200, wata 8 ke nan da haɗa shi, akwai murjani iri biyu, Montipora da zoanthid, da kifaye 3 a ciki. Da zafin bazara ya matso sai na kafa fanka a saman ruwan, yanzu kullum yana raguwa da kamar lita 3. Wanda ya sayar mini da kayan ya ce in riƙa cikawa da ruwan gishirin da nake haɗawa, don kada gishiri ya yi ƙaranci. Mako 3 ina yin haka. Ga shi zoanthid sun ƙi buɗewa, Montipora ta fara fari daga gefe, katantanwa na ta faɗowa daga jikin gilashi. Ya ce in zo in sayi maganin ƙarin launi. Na zuba kuɗi ba kaɗan ba, hankalina a tashe yake. (Wani mai karatu daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka, babu maganin launin da za ka saya. Daga yau kuma kada ka sake cika tankin nan da ruwan gishiri.

Kullum sai an kawo mini wannan ƙorafi, kuma kusan duk daga bakin masu sayar da kaya ɓarnar ke farawa. Gishiri ba ya bin tururi. Abin da fankarka ke kwashewa zallan ruwa ne, gishirin yana nan zaune a tanki. Ko mai girki ta san idan miya ta ƙafe a kan wuta ruwa ake ƙara mata, ba gishiri ba.

Mu yi lissafi da alƙalumanka. Ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, wato 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Lita 200 ke nan kilo 7. Kai kuma kullum kana zuba lita 3 na haɗi, giram 105. A kwana 21 ka ƙara sama da kilo 2 ba tare da ka cire komai ba. In dai ba ka yi canjin ruwa a tsakani ba, tankinka ya kai wajen giram 46 a kowace lita, ko ma ya wuce, tunda duwatsu sun cinye wani wuri. Bahar Maliya, wadda ake lissafawa cikin tekunan da suka fi gishiri, a wajen 40 take. Ina zoanthid za su buɗe? Ruwa mai gishiri irin wannan zuƙe ruwan jikin murjani yake yi, ga zafi a kai, sai ya fara korar gansakukan da ke zaune cikin namansa, waɗanda ke ba shi launi da abinci. Farin da kake gani ke nan.

Na san abin da mai shagon zai nuna maka: farin gishirin nan da ke daskarewa a bakin gilashi da jikin waya. Zai ce ai ga shi yana fita. Wannan na fantsamar ruwa ne, ɗan kaɗan, bai isa a ce za a rama shi da lita 3 kullum ba. Abin da ke rikita mutane shi ne ciko daban, canjin ruwa daban. Idan ka kwashe lita 20 da hannunka ka zubar, ka fitar da ruwa tare da gishirinsa, dole ka mayar da haɗi mai 35. Wanda iska ta ɗauke kuwa da tsurar ruwa ake mayar da shi. Mutum yana sayar da dabba mai rai, da tsada, bai san wannan ba? Ko kuwa ya sani, buhun gishirin yake so ya ƙare ka dawo. Allah ya kyauta.

To, kada tsoro ya sa ka kwara bokitin ruwa lokaci guda, saukar gishiri farat ɗaya ma tana kisa. Fara da awo. Nemi rifraktomita, na'urar auna gishirin ruwa, ka daidaita shi da ruwan gwaji mai 35, ka rabu da haidiromitar roba mai allura, kumfa ɗaya ta maƙale a allurar sai ta yi maka ƙarya. Idan awon ya tabbatar, kullum ka cire lita 5 na ruwan tanki ka mayar da ruwan RO/DI, wato tsurar ruwa da na'ura ta tace ta raba shi da gishiri da ma'adinai, rabi da safe rabi da yamma, sannan ka ci gaba da cikon lita 3 ɗin nan, shi ma da wannan ruwan. Cikin kwana 11 ko kusa da haka za ka dawo 35. Ruwan burtsatse da na famfo ba sa cikin zance, na leda ma sai mitar TDS, mai auna abubuwan da suka narke a ruwa, ta nuna 0. Dakatar da ƙarin kalsiyam da alkali, sinadaran da murjani ke gina ƙashinsa da su, har ka auna, domin mai yiwuwa su ma sun hau tare da gishirin. Inda ake so su tsaya: alkali 8 zuwa 9 a ma'auninsa na dKH, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita.

Bar fankarka, tana aiki. Ana son ruwa tsakanin digiri 25 da 26, idan ya daɗe a 30 murjani zai yi fari ko da gishirinka daidai yake. Ranar da zafi ya gagara, daskarar da ruwa cikin gora, rufe ta sosai, ka jefa ta yi iyo, ban da ƙanƙarar kasuwa kai tsaye. Famfon da ke motsa ruwa ya hau kan inbata, saboda idan aka ɗauke wuta da daddare iskar cikin ruwa ce ke fara ƙarewa. Rage hasken fitila kaɗan na 'yan makonni.

Montiporar kuma duba ta da tocila. Idan akwai siririn nama da 'yan bakuna a kan farin, tana da rai, launi zai iya dawowa cikin makonni ko watanni. Inda ya zama ƙashi tsura har gansakuka ta fara hawa, wurin ya mutu, karye shi ka bar mai lafiyan. Ka kuma ja layi da maka a jikin gilashi daidai matakin ruwa, don duk wanda zai yi maka ciko a gida ya san inda zai tsaya da irin ruwan da zai zuba.