Amsar tambayar Kawu kan masu aikin gona a Amurka

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu, na ji tambayarka, wai ta yaya a ƙasa kamar Amurka za a ce masu aikin gona na fama da ƙaiƙayi da ƙuraje. Wallahi Kawu haka ne, da idona na gani, don da rani mukan bi masaukansu da yamma a nan Carolina ta Arewa muna duba lafiyarsu.

Yawancinsu 'yan Meziko ne, bizar aikin gona da ake kira H-2A ke kawo su, su yi aikin taba da dankali da kokwamba. Doka ta ce mai gonar ne zai ba su wurin kwana kyauta, har ta ƙayyade shawa ɗaya ga mutum 10, bahon wanki ɗaya ga mutum 30. To Kawu, mutum 30 fa! Sun dawo wajen magariba, kowa sharkaf da gumi, ga maganin feshi a jikin tufa. Wanda layi bai kai kansa ba, wannan rigar zai mayar gobe da asuba.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. Da ya cire takalmin roba, tsakanin yatsun ƙafarsa ya yi fari fat, ya tsattsage, faratan sun yi kauri sun koma rawaya. Na ba shi man shafawa, na ce ya riƙa sa busasshiyar safa. Sai ya nuna min safarsa biyu rataye a ƙarfen gado, duk a jiƙe. Banɗakin kuma ruwa ba ya wucewa, kowa a cikinsa yake tsayawa ba takalmi. Katifar ma ga tabon kuɗin cizo nan a ɗinkinta. Ina maganin zai yi aiki, Kawu?

Ita taba ma da nata. Ganyen na da raɓa za su tsinka su danna a hammata, nikotin ya ratsa fata, sai jiri da amai. Abin yi shi ne a canza riga a yi wanka da wuri, ka ga an sake komawa kan gidan.

Kuma da wuya su kai ƙara, don bizar a ɗaure take da mai gonar. Kowa na tsoron kada baɗi a ƙi kiransa, ga iyali a gida na jiran abin da zai aika.