Me ya sa taliyata take caɓewa?

'Yar'uwa, kin ce duk sanda kika dafa taliyar leda sai ta caɓe ta manne da juna kamar tuwo. Ni ma na sha wannan, kuma yawanci ruwa ne ya yi kaɗan.

Leda ɗaya mai giram 500 tana son ruwa lita huɗu zuwa biyar, a babbar tukunya. Ki bari ya tafasa sosai, ki sa gishiri, sannan ki zuba. In kika zuba a ruwan da bai tafasa ba, jiƙa za ta yi. Minti biyun farko ki riƙa juyawa, don a nan ne take fitar da sitacin da ke sa ta danƙo. Mai da ake ɗigawa a ruwan ba ya hana komai, saman ruwa yake tsayawa.

Sufageti yakan nuna cikin minti takwas zuwa goma, amma ki ɗanɗana kafin lokacin da aka rubuta a leda ya cika. Da kin ji ta yi laushi da ɗan saura a tsakiya, ki tace nan take a gwagwa. Barinta cikin ruwan zafi bayan an sauke shi ne babban kuskure. Dafa-duka kuwa daban ce, ruwanta daidai wanda za ta shanye.

In akwai mai ciwon sukari a gida, ko wanda abincin alkama ke ɓata wa ciki, a tuntuɓi likita kan yawan da zai ci.