Yarona ba ya shiga mutane, in bar shi ya tafi sansanin hutu?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Yarona shekararsa 11, kullum yana maƙale da ni ko da waya, ko baƙi aka yi sai ya shige ɗaki. Babansa ya dage wannan dogon hutun sai an kai shi sansanin yara na sati biyu wai ya koyi zama da mutane, ni kuma hankalina bai kwanta ba, har na ce masa in ya ji ba daɗi ya sa a kira ni in zo in ɗauke shi. Da gaske abin yana canza yaro?
Wata uwa

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ki bar shi ya je, amma alkawarin nan na zuwa ɗauko shi ki janye shi tun yau. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta gargaɗi iyaye a kan irinsa cikin rahotonta na 2007 kan kewar gida, don yaron da ya san akwai ƙofar gudu ba zai saki jiki ya yi abokai ba, zai zauna ne yana jiran ki, kuma kin riga kin nuna masa ke kanki ba ki yarda zai iya ba.

Kewa kam zai yi, kusan duk yaro yana yi, musamman da daddare in an kashe fitila kowa ya yi shiru sai ki ji wani yana jan majina a ƙarƙashin bargo. To gari na wayewa ga layin wanka, ga gyaran gado, ga wanda ya saka takalminsa babu izini kuma babu Mama da za ta shiga faɗan, dole ya buɗe baki da kansa, ya yi fushi ya huce, su dawo su ci abinci tare. Nan ne girman yake.

Maganar waya kuwa, a 2014 masu bincike na jami'ar UCLA da ke Amurka sun gwada 'yan aji shida da suka yi kwana 5 a sansani babu waya babu talabijin, sai aka ga sun fi takwarorinsu da suka zauna gida ƙaruwa wajen karantar yanayin fuskar mutum, wannan ɓacin rai ne ko tsoro. Kwana biyar fa kawai. Amma kar ki sa ran zai dawo ya zama sarkin surutu, mai kunya mai kunya ne, in ya dawo da aboki ɗaya ma an ci riba.

Kafin tafiya ki bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a gidan 'yan'uwa, ya haɗa jakarsa da hannunsa. Ki kuma tambayi masu sansanin yara nawa kowane mai kula yake riƙewa, da matakin da suke ɗauka in wani ya ci zalin wani. In suka kira suka ce ya daina cin abinci ko ana dukansa, wannan daban ne, ki tashi ki tafi.