Duka makin a Shooting? Tsaya ka lissafa tukun

Ɗan'uwa kai da ka ce ka samu sabon ɗan gaba a gem ɗin ƙwallo na eFootball, kana da maki 40 na ƙara masa ƙarfi kuma kana so ka zuba su duka a Shooting, wato ɓangaren bugu, don ya riƙa cin ƙwallo, wallahi nima haka na yi a farko, na ɗauki kusan wata biyu ina zagin netwok ashe ni na ɓata ɗan wasan da hannuna.

Abin da mutane ba sa lura da shi, farashin matakin da kake saya da makin tashi yake. Mataki huɗun farko maki ɗai-ɗai ne, daga 5 zuwa 8 bibbiyu, daga 9 zuwa 12 uku-uku, haka yake ta hawa. To lissafa da kanka, kai shi mataki 8 maki 12 ne, mataki 12 maki 24, mataki 16 kuwa 40 cif. Kenan in ka juye komai a Shooting mataki 16 kaɗai ka saya. Amma da kuɗin nan dai za ka kai Shooting 8, Dexterity 8, Lower Body 8, ka kashe 36, ragowar huɗun ka sa a Dribbling, ka tashi da mataki 28. Matakai huɗun ƙarshe na Shooting ɗin nan su kaɗai sun cinye 16 fa.

Sannan cin ƙwallo ba tarawa ba ne, ninkawa ne. Sai ya fara tsere wa mai tsaron baya, ya tsaya a ƙafarsa in an bangaje shi, sannan ya buga. Kamar gona ce, igiya ɗaya aka ba ka ka zagaye fili, in ka yi tsawo 16 faɗi 4 ka samu 64, in ka yi 10 da 10 ka samu 100. Nawa ɗan wasan bugu kamar bindiga amma kafin ya juya an riga an ƙwace, a wasa ɗaya da ƙyar yake samun bugu biyu. Dexterity ce ke ɗaga saurin tashi da daidaiton jiki da iya neman wuri, Lower Body kuma gudu da ƙarfin bugu da juriya, ka ga har ƙarfin bugun ma ba a Shooting yake ba.

Amma kar ka ce na ce a raba daidai wa daida ko'ina. Abin da ba ka amfani da shi sifili ne, ni ba na kurosin, to me zan yi da Aerial, ɓangaren ƙwallon sama? Kai in kana da 'yan gefe masu ɗago ƙwallo lissafinka ya canza. Kuma duba inda katin ya riga ya yi ƙarfi, wanda Finishing ɗinsa, wato iya jefa ƙwallo a raga, ya yi sama tun asali mataki 4 ko 6 a Shooting ya ishe shi.

Auto ɗin nan da ke raba maka makin da kansa ma ban cika yarda da shi ba, lambar ƙarfin ɗan wasa ta saman kati yake kumburawa, bai san yadda kake wasa ba. Turo hoton katin da tsarin da kake bugawa mu gani.